Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Shekarata saba'in da shida a bana, abin da zan ba da labarinsa kuwa shekara huɗu ke nan da aukuwarsa, a birnin Kuala Lumpur, a zamanin annobar da ta rufe masallatai. Na yi shekara talatin ina aikin duba makarantu, ban saba rubuta abin da idona bai gani ba ko kunnena bai ji ba. Saboda haka abin da na sani shi zan faɗa, wanda ban sani ba in bar shi yadda na same shi.

Na tafi ƙasar ne domin a yi mini aikin yanar ido, in kuma ga jikokina, da niyyar in yi mako uku in komo gida. Ɗana na fari ne ke can da iyalinsa, yana karatun digiri na uku a kan irin shinkafa. Ba a yi kwana goma da cire mini bandeji ba aka rufe ƙasa, ba shiga ba fita. Gidansu yana hawa na goma sha huɗu a Pantai Dalam, da sabon idona nake tsayawa a taga ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa da fitilunsa a kunne, ba kowa a ciki. Ladan zai kira salla, in ya kai ƙarshe ya ce kowa ya yi a gidansa. Sai gari ya koma tsit, har mutum ya ji ƙarar na'urar sanyaya ɗakin maƙwabci.

A gidan da na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Nawa kuma ya zo da nauyi biyu, domin sunan mahaifina aka sa masa, wanda ya rasu saura wata uku a haife shi. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ina son magana da shi sai in ce "kai", in ina zancensa in ce "mai sunan Malam", in saƙo ne in aiki ƙanensa. Ko a makarantun da nake dubawa, in na tarar da ɗalibi mai wannan suna, da sunan garinsu nake kiransa. Shekara talatin da shida muna haka. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin ƙauna ba, har yau ma ban ɗauka ba, kuma shi bai taɓa nuna mini ya ɗauka haka ba.

Shinkafarsa tana cikin wani ɗaki na gilashi a jami'a, aikin shekara uku. Da aka kulle ƙofofi ba a bar kowa ya shiga ba. Ranar da aka ba shi izini ya tafi da sassafe, ya dawo kafin azahar, ya wanke hannuwansa har gwiwa kamar yadda aka umarci kowa, ya ce, "Sun bushe." Ya zauna ya ci abinci. Na ce a raina, yaron nan yana da dauriya.

Sannu a hankali abin ya shigo. Ya fara barin waya tana ƙara ba ya ɗauka. Ya bar wasa da yaran, alhali da shi ne mai tsokanar kowa a gidan, har ni ba ya bari, sai dai ya bi ta bakin 'yarsa, ya ce ta tambayi kakanta ko sabon idon yana ganin kuɗin alawa. Daga baya in ya idar da sallar asuba sai ya zauna a kan dardumar yana fuskantar bango har rana ta take. Na zaci lazimi yake, sai da na lura carbin da ke hannunsa ba ya motsi. Na yi masa tofi a ruwa, na karanta abin da na sani, na yi masa faɗa irin na uba ta hanyar matarsa, na ce namiji ba ya kwanciya saboda shuka ta mutu. Matar, yarinya mai hankali, ba ta musa mini ba, amma ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Aka ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Aka ba shi ƙwayoyi ya sha wata da watanni, aka canja wasu, ya sha. Jiragen sama suka fara tashi, ban nemi kujera ba.

Wata rana da la'asar na tashi zan fita barandar gidan in sha iska, sai na tarar an sa wa ƙofar kwaɗo. Na kira matar ɗana. Ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"'Yata, me ya kawo kwaɗo nan?"

"Baba, jiya da hantsi na same shi a tsaye a can."

"To, ai kowa yana tsayawa a can."

"Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ya ɗora agogonsa a kai. Na ce Abban yara me kake yi, ya ce iska yake sha." Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. "Baba, wa yake cire agogo don ya sha iska?"

Daga ranar na bar zancen dauriya.

Likitar wata dattijuwa ce 'yar asalin Sin, mai gajeren gashi da furfura. Ta wayar da ake ganin juna ta yi mana bayani, da Turanci, ni da matar ɗana muna zaune, shi yana gefe kamar ba zancensa ake ba. Ta ce tun da ƙwayoyin ba su yi ba, akwai wani magani da ake kira ketamin, wanda asalinsa na sumar da mutum ne in za a yi masa tiyata. In aka ba da ɗan kaɗan ta ƙarin ruwa, ba ya sumarwa, sai dai ya raba mutum da jikinsa na ɗan lokaci, ya ga abin da ba ya nan, ya ji kamar ya bar ɗakin. Ta ce a wasu marasa lafiya, bayan wannan, nauyin da ke zuciya yakan sassauta. A wasu kuma ba ya yin kome. Ba ta yi alkawari ba. Ta ƙara da cewa a wasu ƙasashe ana gwada wata irin laimar kwaɗi don wannan ciwo, amma a nan doka ta hana, kada wani ɗalibi ya ruɗe mu da ita.

Ni kuwa zaƙami ne ya faɗo mini a rai. Na taɓa ganin saurayin da abokansa suka sa wa shi a fura, ya yi kwana biyu yana gaida turmi yana tambayarsa mutanen gida.

Na ce, "Wato likita, bugar da shi za ki yi domin ya warke?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Haji, da ba don masu bugarwa irina ba, da ido biyu za a riƙa yanka mutane. Abin da ya raba ni da na bakin titi shi ne awo, da kuma cewa ina tsaye a kansa har ya dawo."

Na buga wa wani malami abokina waya a gida. Ya ce in likita amintacce ne ya auna, kuma ana tsoron rai, to lalura ce. Na ce na amince. Shi mai ciwon ya sa hannu a takarda ba tare da ya karanta ba.

Matarsa ce za ta raka shi asibiti, domin mutum ɗaya tak ake bari. Saura kwana biyu aka kira ta aka ce wani kanti da ta shiga an sami mai annobar a ciki. Aka ɗaura mata wani abin hannu ruwan hoda, alamar an killace ta, aka ce kada ta taka waje. Ta shige ɗakin yara da su ta rufe. Mu biyu aka gwada mu aka ce ba mu ɗauke da kome. Ta bayan ƙofa ta yi mini magana.

"Baba, ka gafarce ni. Likita ta ce dole a sami na gida a kusa da shi."

"Zan je. Zama ne ai, ba noma ba."

"Ta ce in ya firgita a ciki, a riƙe hannunsa." Sai ta ƙara da cewa, "A kira sunansa."

Na ce, "Ba su da ma'aikata ne a can?"

"Suna da su, Baba. Ta ce muryar da ya sani ake so. Na san abin da na roƙa."

Na koma ɗakina ina faɗa wa kaina ba lalle ya firgita ba.

Da hantsi muka fita a tasi. Sau biyu sojoji suka tsayar da mu a shinge, na miƙa takardar likita ta taga. Direba ya bi da mu ta Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda na sayi yadin shadda makon da na sauka, mutane suna gogayya da kafaɗa. Yanzu kantuna duk a rufe, sai gumakan tallar tufafi a bayan gilashi, sanye da kayan sallar da ta wuce ba wanda ya saya, suna kallon titi. Ɗana ya jingina kansa da taga har muka isa.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga. Kujera ce irin mai kwanciya, da sandar rataye ruwa, da na'ura mai ƙirga bugun zuciya tana ƙara a hankali. Ma'aikaciyar jinyar Bamalayiya ce, da lulluɓi da takunkumi da wani gilashi a gaban fuska, idanunta kaɗai nake gani. Ta nuna mini kujera ta ce, "Pakcik, zauna nan," wato kawu, haka suke kiran dattijo. Ta sa masa allura a hannun hagu, ta rufe masa ido da wani baƙin ƙyalle, ta rage fitila. Likita ta duba kome ta ce minti arba'in ne, tana ɗakin da ke kusa.

An daɗe ba abin da ya faru sai ɗigar ruwa. Ina bin ɗigon da ido ina salati. Can sai ya yi magana.

"Bangon ya tafi."

Muryarsa ce, amma Hausar ba irin wadda yake yi da abokan karatunsa ba ce, mai rabin Turanci. Hausa ce tsantsa, a hankali, irin ta ɗakin kakarsa.

"Ba ni da hannu. Ba kome, ba a bukatarsa a nan." Can ya ci gaba. "Ga zaure. An share, an zuba rairayi. Ga buzu. Ga buta mai hannun waya."

Na daina salatin. Butar mahaifina hannunta ya karye, ya ɗaura mata waya, da ita ya yi alwala har ya bar duniya. Zauren kuwa damina ta rushe shi tun yaron nan yana goye.

"Akwai mutane a zaune. Sun ba ni baya, suna cin tuwo a akushi ɗaya. Salamu alaikum." Ya saurara. "Salamu alaikum. Ba su amsa ba. Ba fushi suke ba, ba su san da wa za su amsa ba ne." Numfashinsa ya fara sauri. "Akwai wata ƙofa ta baya, a buɗe. Can babu nauyi. Bari in wuce, kada in dame su."

Na'urar ta fara ƙara da sauri. Ƙafafunsa suka miƙe, yatsunsa suka kama gefen kujera. Ma'aikaciyar ta danna ƙararrawa, ta sunkuya ta kira sunansa, sau biyu, da taushi. Likita ta shigo, ta duba na'ura, ita ma ta kira, ta ce masa yana asibiti, magani ne, zai wuce.

Ya ce, "Ana kiran wani a waje. Ba ni ba ne."

Likita ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Haji, yanzu."

Na matsa kusa. Na ce, "Kai." Na ce, "Kai, yaro." Na ce, "Mai sunan Malam." Bai motsa ba, sai leɓensa da ke cewa saura taki uku, saura biyu. Ban san mene ne a bayan wannan ƙofa ba. Likita ta faɗa mini daga baya cewa jikinsa ba ya cikin haɗari, tsoro ne kawai ya ɗaga bugun. Amma ni na san inda ya jera takalmansa, kuma na ji a jikina cewa in ya wuce ƙofar nan a can ciki, to wata safiya zai wuce ta a waje.

Ma'aikaciyar ta ce, "Pakcik, sunansa mana. Ba kai ka raɗa masa ba?"

Na kama hannunsa na dama. Sanyi ƙalau, kuma akwai wani tsohon tabo a gindin babban yatsa wanda ban san da shi ba, ban san ranar da ya ji ciwon ba. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar na mai shanyewar jiki. Sunan ya fito a cikin takunkumi, a daƙile, ni kaina ban ji shi ba. Na ja takunkumin ƙasa, ba wadda ta hana ni. Na kira shi sosai, kamar yadda ake kiran mutum daga ƙofar gida.

Jikinsa ya saki. Ya yi gyaran murya sau biyu. Sa'an nan ya juyo da kansa a hankali, ya miƙo mini kunnen dama, ya ja kalmar ya ce, "Na'aam. Wa ke sallama?"

Mahaifina kunnensa na hagu ba ya ji. Duk wanda ya yi sallama a zaurensa sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya juyo da na dama, ya faɗi waɗannan kalmomi da wannan jan. Shekara talatin da shida rabona da jin su. Kafin in yi tunani na ji bakina ya amsa da ƙaramar murya, irin wadda nake amsawa ina ɗan makaranta.

"Ni ne."

Ya ce, "Ka makara."

Daga nan na'urar ta koma tafiyarta ta farko. Hawaye suka jiƙa ƙyallen da ke idonsa, suka gangaro cikin gemunsa, yatsunsa suka matse nawa har ruwan ya ƙare.

A waje na faɗa wa likita abin da na ji. Ta saurara ba ta yi dariya ba. Ta ce maganin yakan kwance abin da ke ɗaure a ƙwaƙwalwa, tsofaffin abubuwa su taso, wataƙila kakarsa ta sha kwaikwayon mijinta a gabansa yana ƙarami. Na yarda hakan mai yiwuwa ne, domin mahaifiyata gwanar kwaikwayo ce, kuma ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Sai dai ban taɓa ganin ta kwaikwayi mijinta ba, ko sunansa ba ta faɗa. Abin da ta yi a ɗakinta da jikanta kuwa ban sani ba, ba kuma wanda ya rage da zan tambaya.

Aka ce mu jira sa'a guda kafin mu tafi. An cire masa ƙyallen, yana zaune yana kurɓar ruwa, ma'aikaciyar tana rubutu a gefe. Na koma kujerata nesa kaɗan, na mayar da takunkumi. Idonsa yana ƙasa ya yi magana.

"Baba, akwai wanda ya kira ni?"

Na ce, "Likita ta kira ka. Ma'aikaciyar ma ta kira."

Gaskiya na faɗa, ban yi ƙarya ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Ya ajiye kofin. Sai na ga wuyansa yana juyawa sannu sannu wajen bango, fuskar tana komawa irin wadda nake gani kowace safiya a kan darduma. Ma'aikaciyar ba ta jin Hausa, amma alƙalaminta ya tsaya, ta ɗago tana kallona ta saman takardar.

Na ce, "Ni ma na kira."

Wuyan ya tsaya. "Sau nawa?"

"Sau biyu."

Sa'an nan ya ce, "Ruwan nan yana toshe kunne, Baba. Ban ji sosai ba." Na dubi gefen idonsa, na ga abin da na yi wata da watanni ban gani ba, wato wannan ɗan tsokana da ke aiko 'yarsa.

Na kira shi a karo na uku, ido biyu, fitila a kunne, yana kallona. Ya ce, "Na'am," da muryarsa, gajere, ba gyaran murya.

Ba a ranar ya warke ba, kuma ba zan ce sunan ne ya warkar da shi ba. An ƙara masa ruwan sau biyar, matarsa ce ta raka shi bayan an yanke mata abin hannu, ya kuma daɗe yana zuwa wurin likitar suna zantawa. A hanyarmu ta komawa a wannan rana ta farko dai ya ce wa direba ya tsaya a shagon mamak, wato na abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidansu, inda aka kifa kujeru a kan tebura, ya sa aka ƙunsa masa roti biyu, irin gurasarsu, ya cinye ɗaya a cikin mota. Yana raye, ya sake shuka, ya gama karatunsa, har yau yana shan magani, kuma akwai makon da nauyin yakan dawo. In matarsa ta bugo ta ce Baba yau sai a hankali, nakan ce ta ba shi wayar, in kira shi sau ɗaya kafin gaisuwa. A gaban mutane kuwa yana nan mai sunan Malam.

Zauren da butar da abin da ya faɗa mini, ya ce bai tuna ko ɗaya ba, sai dai ya san ya yi nisa, aka kira shi. Ban matsa masa ba. Saboda haka shi shaida ne a kan rabin labarin kawai. Waɗanda suka ga duka mata biyu ne: likitar nan mai furfura, da ma'aikaciyar jinyar da ban taɓa ganin fuskarta ba. Sun ga ya juyo da kunne, sun ji abin da ya ce da abin da na amsa, ko da yake ba wadda ta san Hausa a cikinsu.